Katifar Kan Katanga

Wajen ƙarfe biyu na dare ne, cikin watan Agustan 2023, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Na tashi in duba ko an rufe tagar falo, sai na hangi inuwa a kusurwar ɗakin yara. Abba ne zaune a kan siminti, ya jingina da bango, ya haɗa kai da gwiwa. Da na haska shi da fitilar waya na ga idanunsa sun yi jajir. A damtsensa na hagu akwai sawun farce, wasu sababbi, wasu har sun yi baƙi.

Na ce, "Me kake yi a nan?"

Ya ce, "Baba, in na yi barci zai zo."

Bai ambaci sunan abin ba, ni ma ban tambaya ba. Shekararsa takwas, kuma tun da aka yaye shi da wuya a yi kwana biyu a jere bai jiƙa shimfiɗa ba. Ashe mintsinin kansa yake yi don kada barci ya ɗauke shi. Kafin a yi hutu malamar ajinsu ta aiko da ƙorafi cewa gyangyaɗi yake yi a aji, ni kuwa na ɗauki bulala na zane shi a kan lalaci. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da lissafi a sakandare, ina gane ɗalibin da bai karya ba tun daga bakin ƙofa, amma ɗan cikina na kasa karanta shi.

Gidan haya muke a Tudun Wadan Zariya, iyali biyar, tsakar gida ɗaya, bayi biyu. A irin wannan gida babu sirri. Kowace safiya Maman Abba za ta ciccibi katifa ta ɗora a kan katanga, duk wanda zai wuce ya gani. Da rani kafin azahar ta bushe. Da damina kuwa sai ta kwana biyu da danshi, zarni ya kama ɗaki ya kama kayan makaranta. Yaran gidan sun daina kiransa da sunansa, amalala kawai suke cewa. Ba na ganin laifin uwarsa a kan faɗan da take yi. Ita ke wanke zanin gado da hannu kullum, da ruwan da muke saye a wajen 'yan ga-ruwa, ga ƙanwarsa ƙarama a lokacin.

Babu abin da ba mu gwada ba. Mun hana shi ruwa daga magariba. Mun riƙa tashinsa sha biyun dare, a ja shi zuwa bayi yana layi kamar ɗan maye, da asuba kuma a tarar da katifa sharkaf. An karɓo rubutu, an sayo garin magani a kasuwar Sabon Gari, wani mai kemis ya ba mu wasu ƙananan ƙwayoyi ya ce a ba shi ɗaya kafin kwanciya. Sai duka, wanda shi ne ya fi yawa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa matata ba a shekara goma na aurenmu. Ni kaina sai da na kusa sha biyu na daina. A gidanmu na cikin birni, wajen Kwarbai, wani baffana ya taɓa ɗora mini jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, ya sa yaran unguwa suka bi ni da tafi da waƙar tsokanar nan da kowa ya sani, tun daga zaure har bakin masallaci. Yau shekara talatin ke nan, amma in na bi ta lungun sai na ji wuyana ya yi nauyi. Duk da haka da nawa ɗan ya zo da irin ta, bulala na ɗauka. Ina jin tsoro ne ya sa, kamar in na doke abin a jikinsa zai fita daga tarihina.

A daren nan na ɗauke shi na kwantar a gadona, na ce ya yi barci, in ya zo ya zo. Ya zo ɗin kuwa. Da safe na ce wa Maman Abba asibiti za mu je. Ta dube ni ta ce, "Malam, fitsarin kwance ake kai wa asibiti? Dariya za su yi mana."

Ba a yi mana dariya ba, amma mun sha zama. Mun fita bayan sallar asuba, muka yanki kati, muka bi layi, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Matashi ne, ya saurare mu minti biyar, ya rubuta gwaje-gwaje: fitsari, suga, da jini don a duba sikila. Na tambaye shi me ya haɗa sikila da wannan. Ya ce ƙodar mai sikila ba ta iya tattara fitsari ya yi kauri yadda ya kamata, don haka yakan yi yawa, kuma yaran da ke da ita sun fi saura yin fitsarin kwance. Suga ma haka, yaro ya yi ta shan ruwa yana fitsari yana ramewa. Ya tambayi Abba ko yana zuwa wanka a Kubanni ko wani kududdufi, ko ya taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, saboda tsargiya. Duk sakamakon ya fito lafiya. A zuwa na biyu aka nemi fayil ɗinmu sama da ƙasa aka rasa, muka koma gida da kuɗin Keke Napep a banza, a shekarar da aka cire tallafin mai. Sai a zuwa na uku, cikin Satumba, muka shiga ɓangaren yara.

Likitar dattijuwa ce mai tabarau. Ba ta fara da mu ba. Ta juya kujerarta ta fuskanci Abba, ta tambaye shi ajinsu nawa, su nawa ne a ciki. Ya ce wajen arba'in. Ta ce, "To ina tabbatar maka ba kai kaɗai ba ne a ajin nan. Akwai wasu, kowa ya yi shiru ne kamar yadda ka yi." Na ga yaron ya ɗago kai, karo na farko tun da muka shiga.

Sannan ta yi mana bayani. Kafin shekara biyar likitoci ba sa ma ɗaukarsa matsala. A cikin yara ɗari 'yan shekara biyar, kimanin 15 na yi. A shekara goma kimanin 5. 'Yan kaɗan ne ke kaiwa samartaka da shi. Duk shekara kimanin 15 cikin ɗari na masu yin suna dainawa da kansu, ko da magani ko babu. Nan na gane yadda masu garin magani ke samun suna: duk abin da aka ba yaro a shekarar da dama zai daina, shi za a ce ya yi aiki. Ta ce maza sun fi mata yi. Ta ce abu uku ne ke haɗuwa: ko dai jiki na sarrafa fitsari da yawa da dare, saboda sinadarin da ke rage shi lokacin barci bai isa ba, ko mafitsara ba ta riƙe da yawa, sannan ƙwaƙwalwa ba ta farkar da yaro idan mafitsarar ta cika. Babu ɗaya a cikin ukun da yaro ke da iko a kansa yana barci.

Tambayoyinta sun yi yawa. Ya taɓa yin wata shida cur bai yi ba, sannan ya dawo? Ta ce in haka ne, sai an bincika ko ciwo ne ya shigo, ko wani abu ya girgiza yaron: rasuwa, rabuwar iyaye, sabuwar amarya a gida, sabon jariri, cin zali a makaranta, ko wani babba na taɓa shi. Namu bai taɓa dainawa ba. Yana jiƙa wando da rana? Yana minshari? Sau nawa yake bayan gida a mako? Wannan ta ƙarshen ba wanda ya sani a cikinmu. Abba ne ya ce, a hankali, sai ya kwana uku ko huɗu, kuma da zafi.

Sai ta ce, "A cikinku iyaye, akwai wanda ya yi yana yaro?"

Maman Abba ta ce ita dai ba ta yi ba, a gidansu ma ba ta sani ba. Likita ta juyo gare ni, biro a hannu. Fanka na juyawa a sama, ina jin ƙarar takalman mutane a baranda. Na so in ce a'a. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga kuma yaro ya zuba mini ido.

Na ce, "Ni ne. Har na kusa sha biyu."

Matata ta juyo da sauri. Likita kuwa ko gezau, ta rubuta kawai. Ta ce in ɗaya daga cikin iyaye ya yi, yara huɗu cikin goma da 'yan kai sukan gada. In duka biyun ne, ya haura bakwai cikin goma. Abba ya ce, "Baba, kai ma?" Na ce ni ma. Ya ce, "Kuma ka daina?" Na ce ga ni kuwa. A hanyar komawa, mun wuce Kwangila, Maman Abba ta yi ƙasa da murya ta ce, "Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ta yi dariya, na yi, sai kuma na ga tana goge ido da gefen mayafi.

Kafin mu fito na nuna wa likita sauran ƙwayoyin kemis. Ta karanta jikin takardar ta ɓata rai. Imipramine ne, tsohon maganin ciwon damuwa. Ta ce gaskiya yana rage fitsarin kwance, likitoci ma kan ba da shi a wasu lokuta idan komai ya ƙi, amma in yaro ya sha fiye da ƙima yana taɓa bugun zuciya, har ya kashe. Mu kuwa a kan firji muke ajiye shi, inda ƙanwarsa ke iya hawa kujera ta ɗauka. Ta karɓe shi ba ta mayar mana ba.

Aikin gida ta ba mu, kuma nan ne malamin lissafi ya samu abin yi. Kwana biyu na ƙarshen mako za mu auna duk abin da ya sha da duk fitsarin da ya yi da rana. Mako guda kuma mu auna na dare: a sa masa famfas, a auna nauyinsa a bushe, a sake aunawa da safe, kowane giram ɗaya da ya ƙaru mililita ɗaya ne, a haɗa da fitsarin farko na safiya. Na sayi jug mai lamba, na aro sikelin wata maƙwabciya mai yin kek, na ja layuka a bayan wani tsohon littafin rajista. Famfas ɗin ya so ya zama rigima, don Abba ya ce shi ba jariri ba ne. Sai da na ce masa bincike muke yi, shi ne mai karanta lamba ni ne mai rubutawa.

Ƙa'idar da ta ba ni mai sauƙi ce: shekarun yaro a ƙara ɗaya, a ninka da 30. Ɗan shekara takwas ya kamata mafitsararsa ta riƙe kimanin mililita 270, wato rabin ledar fiya wata da ɗan ɗori. Mafi yawan abin da Abba ya yi a lokaci guda 150 ne. Na dare kuwa bai wuce ƙima ba. Wani abin da takardar ta tona: daga safe har a tashi makaranta kusan ba ya shan komai, don ba ya son shiga bayin makarantar. Sai ya dawo daga Islamiyya da yamma ya ɗaga kofi uku a tsaye, da dare kuma ga shayi da burodi. Mu muna hana shi ruwa da magariba muna ganin dabara muke yi, ashe ƙishin yini guda muke ƙara masa.

Da muka koma ta duba lambobin ta ce ba yawan fitsari ba ne matsalarsa, ƙarancin riƙo ne, kuma taurin bayan gida na da hannu dumu-dumu. Hanji in ya cika yana danne mafitsara, don maƙwabtan juna ne. Wata guda muka yi a kan wannan kaɗai: maganin sassauta ciki da ta rubuta, gwanda, lemu, kwaɗon zogale, ruwa kofi shida zuwa takwas amma mafi yawansa kafin la'asar, fitsari duk bayan awa biyu ko uku ko bai matsu ba, da zama a bayi minti biyar bayan cin abinci. Shayin dare da lemon kwalba aka soke. Na je na roƙi malamarsu ta riƙa barinsa ya fita ba tare da tambaya ba, ban gaya mata dalili duka ba. Daga dare bakwai a mako muka sauko biyar.

A tsakanin nan ne aka tura mu wajen wata masaniyar halayyar yara, saboda sawun farcen nan. Ni da na ɗauka ɓata lokaci ne. Ta ba shi takarda da fensir masu launi, ta ce mu jira a waje. Bayan rabin awa ta kira mu. Ya zana gidanmu da kowa a ciki, shi kuma a waje da jaka. Ashe wata rana cikin fushi uwarsa ta ce in bai daina ba ƙauye za a kai shi almajiranci, ni kuma ina wurin ban ce komai ba. Mu mun manta da maganar kafin a yi sallar isha. Shi wata biyar yana ɗauke da ita, yana lissafin saura kwana nawa. Shi ya sa yake ƙin barci, shi ya sa yake cusa jiƙaƙƙen wando a bayan kwaba.

Masaniyar ta ce mu faɗa masa da bakinmu, a gabanta, cewa ba inda za a kai shi. Maman Abba, da ko sunansa na yanka ba ta iya faɗa saboda ɗan fari ne, ta riƙe hannunsa ta ce, "Ko za ka yi har ka yi gemu, kana ɗakina." Matar ta kafa mana sharuɗɗa: ba duka, ba gori, ba zancen a gaban baƙi. In za a yaba masa, a yaba a kan abin da ke hannunsa, kamar shan ruwansa da rana, zuwa bayi kafin kwanciya, taya cire zanin gado, kada a ɗora lada a kan tashi a bushe, don wannan ba shi ke yi ba. Katifa kuma a rufe ta da leda mai kauri a daina fitar da ita. Wani mai ɗinkin kujeru a Sabon Gari ya ɗinka mana rigar leda mai zif. Tun ranar katanga ta huta. Da mun yi wannan kaɗai shekara uku da suka wuce, da yaron bai samu sunan da ya samu ba.

Na kan tuna almajiran da ke kwana su ashirin a zaure ɗaya, da 'yan makarantar kwana. A cikinsu dole akwai irin Abba, kuma kowa ya san abin da ake yi musu da safe.

Saura magani. Likita ta ce hanya biyu ce a gaba. Akwai ƙwaya, desmopressin, mai kwaikwayon sinadarin nan da ke rage fitsarin dare. Tana aiki da wuri, amma dole a tsayar da shan ruwa daga awa ɗaya kafin a sha har awa takwas bayan nan, kuma da yawa in an daina abin kan dawo. Ta fi dacewa da yaron da fitsarinsa na dare ke da yawa. Ga irin Abba, ta ce ƙararrawa. Wata 'yar na'ura ce kamar akwatin ashana, a maƙala ta a wuyan riga, waya ta sauka zuwa kamfai, ɗigon farko na taɓa ta sai ta kwarma ihu. Daga baya na karanta cewa dabarar tsohuwa ce, wasu masana halayya mata da miji a Amurka, Mowrer, suka bayyana ta tun 1938, kuma kimanin biyu cikin uku na yaran da suka yi amfani da ita yadda ya kamata suna dainawa. Na zaga manyan shagunan magani daga PZ har Samaru, wasu ma ba su taɓa jin labarinta ba. Wani ƙanen matata ne ya saya ta intanet, aka aiko daga Legas.

Mun fara a farkon Nuwamba, sanyi na shigowa. Daren farko ta tashi kowa a gidan har da maƙwabcinmu na ɗakin gefe, wanda ya fito da tocila yana salati. Mutum ɗaya ne bai motsa ba: Abba. An riga an gaya mana haka za a yi, don haka na shimfiɗa tabarma a ɗakinsu na tare. Da ta yi ƙara sai in kunna fitila, in kira sunansa, in shafa masa ruwa a fuska har ya farka sosai, shi zai kashe ta da hannunsa, ya taka da ƙafarsa zuwa bayi ya ƙarasa, ya canza wando, mu sake maƙalawa. Don in tabbatar a farke yake, nakan faɗa masa kalma ɗaya in tambaye shi da safe. Makon farko ko ɗaya bai tuna ba. Wanda ya san hunturun Zariya ya san abin da ake nufi da tsallaka tsakar gida ƙarfe uku na dare a Disamba. Sau biyu na kusa jefa na'urar a rijiya. Ina zuwa aji ina hamma, har wani ɗalibi ya tambaye ni ko an yi mana haihuwa.

Canjin bai zo da tashi a bushe ba. Da farko tabon ne ya riƙa ƙanƙancewa, daga faɗin faranti zuwa tafin hannu. Sannan ƙarar ta koma sau ɗaya maimakon biyu, ta kuma matsa zuwa wajen asuba. A mako na biyar na farka na ga gadonsa wayam, gabana ya faɗi, sai na jiyo ƙarar buta a waje. Sharaɗin shi ne dare goma sha huɗu a jere. Mun kai goma sha ɗaya, zazzaɓi ya kama shi, ya jiƙa. Ya yi kuka kamar ransa zai fita. Na ɗauko rajistar na nuna masa shafin Satumba, jan biro daga sama har ƙasa, na ce ya ƙirga da kansa. Muka koma ɗaya. A ƙarshen Janairun 2024 muka cika sha huɗun.

Likita ta gargaɗe mu cewa yana iya dawowa, in ya dawo a sake ɗaura ƙararrawar. Ya yi sau biyu cikin azumi, duka a daren da ya sha kunu da zoɓo da yawa bayan tarawihi. Shi ya cire zanin da kansa ya jiƙa a bokiti, ba wanda ya tanka.

Da ƙaramar Sallah, cikin Afrilu, ya ce yana so ya kwana wajen Inna a cikin birni, don ya ga hawa tun daga farko tare da 'yan'uwansa. Shekara uku yana ƙin kwana a can, kullum da dalilinsa. Na kai shi da yamma, na ja Inna gefe zan yi mata bayani, na miƙa mata ledar shimfiɗa a naɗe. Ta karɓa ta ajiye a kan kwalla ba ta ko buɗe ba. Ta ce, "Ni za ka koya wa? Tabarma nawa na wanke maka a gidan nan kafin gari ya waye, don kada baffanka ya gani?"

Ban san ta yi haka ba. Ranar da aka kama ni kaɗai nake tunawa.

Washegari da hantsi ta kira ni a waya, ana jin tambura da algaita a bayanta. Ta ce mai sunan Malam ya tashi lafiya, ya ci tuwon ɗumame, sun fita. In na zo in tafi da ledata, tana tare mata wuri.

Ƙanwarsa yanzu shekararta huɗu, takan yi jefi-jefi. Na cire wa ƙararrawar batir na sa ta a cikin durowa, tare da jug ɗin da rajistar.